Vareniki irin na kakata 'yar Yukren: da me zan haɗa shi a nan Kumasi?

Maman Sadiƙ, Asawase

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon wanda ya taɓa zama a ƙasar Yukren, ko wanda ya san girkin mutanen can, a kan wani abinci da ake kira vareniki. Kakana na wajen uba yana cikin samarin da suka tafi karatu Tarayyar Sobiyet a zamanin Nkrumah. Ya karanci aikin injiniya a birnin Kharkiv, da zai dawo gida kuma ya zo da mata 'yar wani ƙauye a yankin Poltava, wadda ta musulunta, ta haifi mahaifina da goggona, ta zauna a garin nan har Allah ya yi mata rasuwa. Duk unguwa Baturiya ake ce mata, alhali Hausa da Tonanci sun zauna a bakinta fiye da na wasu 'yan gida.

Fulawa take kwaɓawa, ta yanka ta zagaye-zagaye, ta zuba dakakken dankalin turawa da soyayyar albasa a tsakiya, wani lokaci kuma wani farin cuku, sannan ta ninke ta matse bakin da yatsu. Idan ya dahu sai ta malala masa man shanu, ta ajiye kwanon kindirmo a gefe. Mahaifiyata ba ta koya ba, ni kuma ina ƙarama lokacin da ta rasu. Yanzu 'ya'yana sun fara tambayar labarinta, ina son su ɗanɗana abin da ta ciyar da mu, amma wanda nake yi bisa abin da na gani a intanet yana fashewa a cikin tukunya, wanda ya tsira kuma ba ya kama da nata, domin nata manya ne, masu laushi, a kumbure, waɗannan kuwa sirara ne masu santsi.

Tambayoyina su ne: yaya ake kwaɓin da ba zai yage ba, kuma me zan samu a kasuwar Kejetia ko Aboabo da zai tsaya a madadin cukun nan? Akwai kuma abin da ban taɓa fahimta ba. Kowace shekara a farkon watan Janairu, cikin hunturu, takan wuni ba ta ci komai ba, ta tura mu tsakar gida mu duba ko tauraro ya fito, sannan ta kawo vareniki na kabeji, babu man shanu babu kindirmo, tare da dafaffiyar alkama da zuma da gyaɗa, ta kuma ajiye faranti ɗaya wanda ba na kowa ba. Mene ne asalin wannan? Kuma idan na canja kayan haɗin da namu na nan, shin abincinta na dafa ko wani abu dabam?

Ummi, Tafo

Wa alaikumus salam, Yaya Maman Sadiƙ. Allah ya jiƙan kaka. Na yi karatun likita a birnin Ternopil da ke yammacin Yukren, har zuwa lokacin da Rasha ta afka wa ƙasar a ranar 24 ga Fabrairu 2022, muka fito ta iyakar Polan. Dattijuwar da na yi haya a gidanta ce ta koya mini, don haka abin da zan faɗa miki irin na yankinsu ne.

A kan kofi uku na fulawa ana zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, da ƙwai ɗaya, da cokali ɗaya na mai, da ruwan ɗumi kimanin kofi ɗaya, amma ba a juye ruwan gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan ake sa shi har kwaɓin ya haɗe ya daina kama hannu. A murza shi sosai, sannan a rufe shi da kwano a bar shi ya huta rabin awa. Ina kyautata zaton a nan matsalarki take, domin kwaɓin da bai huta ba yana ja da baya idan ana shimfiɗa shi, mai girki ta yi ta tilasta masa har ya yi rauni a wasu wurare, kuma ta nan ruwa yake shiga. Idan babu katakon murji, kwalba mai santsi ta wadatar. A shimfiɗa shi kaurinsa bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, a kife kofin shayi a yanke.

Abu na biyu shi ne abin da ake zubawa a ciki. Dole ne dankalin ya huce sarai kafin ya taɓa kwaɓin, kuma ya kasance a bushe, ba a tsinka shi da ruwa ko madara. Cokali ɗaya ya isa, kuma kada maiƙon albasa ya taɓa gefen da za a matse, in ya taɓa ba zai liƙe ba ko da an danne shi da ƙarfi. Ana jefa su a tafasasshen ruwan gishiri mai yawa, kaɗan-kaɗan, a motsa su sau ɗaya da bayan ludayi don kada su kama gindin tukunya, idan sun taso sama a ƙara musu minti biyu ko uku a wuta matsakaiciya, a tsame, a juya su cikin man shanu nan take.

Cukunsu daga madarar da ta yi tsami ake yin sa, yana da ɗan tsami kuma yana marmashewa, don haka ba ki buƙatar sayen na kanti. Ki ɗora kindirmo a wuta ƙasa-ƙasa har ki ga ruwan ya rabu da farin, kada ki bari ya tafasa, ki juye a tsaftataccen ƙyalle ki rataye shi ya kwana yana ɗiga. Abin da ya rage a ƙyallen da safe shi ne cukun; a sa masa gishiri da ƙwai kaɗan don ya riƙe jikinsa. Farin abin da suke ci da shi kuwa sunansa smetana, kirim ne mai kauri da tsami, kuma kakarki ba ta yi nisa da shi ba da ta zaɓi kindirmo. Bayan dankali da cuku da kabeji suna kuma zuba naman kaza, ko nama, da bazara kuma wani jan ɗan itace mai tsami da ake kira ceri, su barbaɗa sukari. Wanda zai ci a gidan mutanen can sai ya tambaya tukuna, saboda sau da yawa da kitsen alade ake soya albasar da ake zubawa a kai.

Game da daren Janairu, jajibirin Kirsimeti ne a wurinsu. Cocinsu a wancan lokaci yana bin tsohuwar kalanda wadda ke bayan tamu da kwana 13, shi ya sa suke bikin a ranar 7 ga Janairu, daren 6 ga wata kuma su yi liyafar iyali, sai a shekarar 2023 ne ƙasar ta mayar da hutun zuwa 25 ga Disamba. Ana wuni da azumi har tauraron farko ya fito, sannan a jera abinci kala goma sha biyu, babu nama babu madara babu ƙwai a cikinsu, wanda hakan ya bayyana miki dalilin ɗauke kindirmo a ranar. Alkamar nan da zuma sunanta kutiya, da ita ake buɗe liyafar, sai dai can da wasu ƙananan baƙaƙen 'ya'yan fure da 'ya'yan itace masu ɓawo ake haɗa ta, ita kuma ta sa gyaɗa. Farantin da ba na kowa ba na 'yan gidan da suka rasu ne ko waɗanda suke nesa.

Laushi da kumburin da kika ambata ne bai yi daidai da wanda na koya ba, domin na Ternopil sirara ne, kamar waɗanda kike gani a hoto.

Hajiya Mai Tubani, Aboabo

'Yata, jikana ne ya karanta mini tambayarki, kuma shi yake rubuta amsar da nake faɗa masa. Ban taɓa ganin abincin nan ba, amma na tsufa a bakin murhu ina sayar da tubani da ɗan wake, kuma da na ji bayanin likita na gane cewa aikin ba baƙo ba ne a wurinmu. Mu ma garin wake da na rogo da kuka da ruwan kanwa muke kwaɓawa, mu jefa a tafasasshen ruwa, mu jira ya taso, mu tsame mu zuba mai da yaji da albasa. Mai ɗan wake ba ta auna kanwa da cokali, launin kwaɓin take dubawa da yadda yake sakin yatsa, kuma garin da aka niƙo yau ba ya shan ruwa daidai da wanda ya kwana uku. Fulawa ma haka take: wadda kika saya cikin hunturu ta fi ta damina ƙishirwa. Ki riƙe ma'aunin likita don ki samu wurin farawa, amma kada ki ɗauka cewa kofi uku da kofi ɗaya za su ba ki hannun kakarki.

Kin ce akwai goggonki, amma ba ki faɗi inda take ba. Idan tana raye, to ita ya kamata ki fara tambaya kafin mu. 'Ya mace da ta tashi a ɗakin uwarta, ko ba a zaunar da ita an koya mata ba, ta riƙe kwano, ta hura wuta, ta ga abin da aka zuba da abin da aka hana a zuba. Kada ki ce ta ba ki a rubuce, domin za ta ce ta manta. Ki sayi fulawa da dankali ki kai gidanta, ki ajiye a gabanta, ki zauna kina kallon hannunta, zuwa da kai ya fi aike. Ni haka na karɓi alkaki a wurin yayar mahaifiyata, wadda in ka tambaye ta yawan tsamiyar da take sawa sai ta ce daidai misali, amma in ta tsoma yatsa ta lasa ta san abin da ya rage.

A kan cuku, wagashi yana nan a Aboabo kullum, sai dai ki sani da tumfafiya Fulani suke daskarar da shi, ba da tsami ba, shi ya sa ba ya narkewa a wuta kuma ba shi da ɗanɗanon da likita ta kwatanta. Idan shi za ki sa, ki nemi fari sabo, ba jan da aka dafa da karan dafi ko wanda aka soya ba, ki marmashe shi da hannu, ki zuba masa kindirmo cokali biyu da gishiri, ki bar shi ya ɗan jima. Kindirmon kuma ki saya a wurin wadda kika sani, saboda wasu suna dama madarar gari su tsinka ta da ruwa, irin wannan ko kin rataye shi a ƙyalle ba abin kirki da zai rage.

Abu, Alabar

Da izinin iyaye da yayye, ni abin da ya dame ni dabam ne. Maman Sadiƙ tana da hujja, domin jininta ne, amma na ga yadda ake ta sha'awar abincin Turai a wannan zaure alhali namu yana ɓacewa a gabanmu. 'Yan mata nawa ne a zangon Kumasi za su iya yin nakiya ko dubulan na gara ba tare da an ba da kwangila ba? A gidanmu tun da kakarmu ta rasu ba a sake yin funkaso da miyar taushe ba, ranar salla ma soyayyar shinkafa da jalof ake yi. Ina ganin da a ce kowa zai bi tsofaffin gidansu da irin naci da Maman Sadiƙ take bin na Yukren, da ba mu kai ga haka ba.

Malam Garba, Sabon Zango, Ankara

Malam Abu ya faɗi gaskiya, amma ban ga saɓani tsakanin maganarsa da buƙatar wannan baiwar Allah ba, tunda abu ɗaya suke kuka a kai. Ni tsohon malamin tarihi ne, kuma tambayarta ta ƙarshe ce ta sa na yi magana, wato ko canja kayan haɗi yana raba abinci da mai shi.

'Yata, ai kakarki ce ta fara canjawa. Ta sa gyaɗa a kutiya, ta sa kindirmo a gurbin smetana, ta yi da fulawar da jirgin ruwa ya kawo alkamarta aka niƙa a Tema ko Takoradi, ba ta ce sai ta gonar ubanta ba. 'Yan ƙasarta da suka fara ƙaura zuwa Kanada a shekarar 1891, suka zauna a filayen Alberta da Saskatchewan da Manitoba, haka suka yi: jikokinsu suna haɗa dankalin da irin cukun da ake samu a can, matan coci suna taruwa su matse ɗaruruwa su sayar don ayyukan al'ummarsu, har wani ƙauye mai suna Glendon a Alberta ya kafa ƙaton mutum-mutumin abincin soke da cokali mai yatsu. Ba wanda ya ce musu sun bar gado. Mu kanmu kakanninmu da suka biyo hanyar fataucin goro ta Salaga sun baro tuwon dawa da na gero, suka iske masara da rogo a kurmi, suka tuƙa da su, suka ci da miyar ayoyo, kuma har gobe kowa a Gana ya san tuwon zafi na mutanen zango da na arewa ne. A ganina abin da ake gada shi ne yadda ake yi da waɗanda ake zama a ci da su, kayan haɗi kuwa na kasuwar garin da mutum ya tsinci kansa ne.

Akwai abin da ya kamata 'ya'yanki su sani idan suna ci. A shekarun 1932 da 1933 gwamnatin Stalin, shugaban Sobiyet, ta ƙwace hatsin manoman Yukren, yunwa ta kashe miliyoyin mutane a ƙasar da ta fi kusan kowace albarkar noma, kuma yankunan Poltava da Kharkiv suna cikin waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna. Suna kiran wannan masifa Holodomor, suna tunawa da ita a Asabar ta huɗu ta watan Nuwamba. Duk wadda aka haifa a ƙauyen Poltava 'yan shekaru bayan haka, a hannun waɗanda suka tsira ta tashi, kuma mu da muka ga yunwar 1983 a ƙasar nan mun san yadda irin waɗannan iyaye suke kallon ƙwayar hatsi. Sannan a zamanin Sobiyet hukuma ba ta son addini, don haka liyafar daren nan a cikin ɗaki ake yin ta, a asirce, uwa tana nuna wa 'yarta. Macen da ta bar ƙasarta a lokacin da wasiƙa take shafe makonni a hanya, ina jin farantin nan na mahaifiyarta ne, kuma Allah ne masanin abin da ke cikin zukata.

Abincin kansa fulawa ne da dankali da albasa, babu abin ƙyama a cikinsa in an kauce wa abin da likita ta yi gargaɗi a kai, kuma ba a ɗaure shi da wata rana ba, mutanen can suna cin sa duk shekara. Ki yi shi ranar suna ko da ƙaramar salla. Yukren ma tana da Musulminta, Tatar na Kirimiya, waɗanda aka kwashe zuwa tsakiyar Asiya a watan Mayun 1944, suka riƙe girkinsu a gudun hijira har suka fara komawa gida a ƙarshen shekarun 1980, kuma suna da nasu mai kama da wannan, da niƙaƙƙen naman rago ko na sa da albasa a ciki, sai dai soya shi suke yi.

Maman Sadiƙ, Asawase

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, goggona tana nan da ranta a Tamale, kuma na kira ta kamar yadda kika ce. Da farko ta ce ba ta tuna komai ba, amma da na karanta mata bayanin Dakta Ummi, ina kaiwa wurin jefawa a ruwa sai ta katse ni, ta ce mahaifiyarta ba ta taɓa tsoma shi a ruwa ba. Ta ce da kindirmo take kwaɓin, ba da ruwa ba, tana sa ɗan farin garin nan na soda, in babu kuma ta jiƙa kanwa ta tace, sannan ta ɗaure farin ɗankwali a bakin tukunyar da ke tafasa, ta jera su a kai, ta kife da kwano. Ta ce ɗankwalin nan ba a ɗaura shi a ka, na wannan aiki ne kawai. Zan je wurinta idan yara sun samu hutu. Dakta, kin taɓa jin irin wannan?

Ummi, Tafo

Na ji, Yaya, kuma shi ne ainihin irin na Poltava, da ma can an san su da turara shi. Suna kwaɓin da madara mai tsami da ake kira kefir, idan sodar ta haɗu da tsamin sai kwaɓin ya tashi, shi ne kumburin da kike tunawa. A kan kofi uku na fulawa ki gwada kindirmo kofi ɗaya da kaɗan, da soda rabin ƙaramin cokali, kuma wannan kwaɓin ba a murza shi da yawa, ana barin sa da taushi, a shimfiɗa shi da kauri kusan rabin santimita. Madambaci zai yi aikin, ki shimfiɗa ƙyalle mai ɗan danshi a ciki, ki bar tazara tsakaninsu saboda za su ƙara girma, ki rufe minti shida zuwa bakwai ba tare da buɗewa ba. Idan kanwa za ki sa, ki fara da kaɗan ƙwarai, domin in ta yi yawa za ta mayar da shi rawaya ta kuma bar ɗaci, kuma yawanta Hajiya da goggo za su fi ni sani.